Kallon Kiɗa Ba Ya Cika Sai An Zaga Gari

A ganina, ɗalibin harshen da ya yi tattaki zuwa wani gari kallon makaɗan rok, aka tashi daga wasa ya wuce tasha, ya yi asarar kuɗin motarsa.

Mu ɗauki Bombino, makaɗin jita ɗan Abzinawa, wanda ya zagaya Turai da Amurka da ƙungiyarsa. A watan Janairun 2010, bayan ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso, ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas don murnar ƙarewar tawaye. Wanda ya saurari jita kawai ya juya, me zai ce ya gani? Ga hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, ga fadar Sarkin Abzin dab da ita. Da Tamashek ake rera waƙoƙin, amma leƙa kasuwa ka ji: da Hausa ake ciniki, Hausar da ta sha bamban da Kanancin da muke nazari a aji.

Wani zai ce kwana a garin mutane akwai tsada. Haka ne. To, a sayi tikiti mai araha a tsaya can baya, ai lasifika tana kai sauti ko'ina.