Me Yaronka Yake Rubutawa A Makaranta?

'Yan'uwa manoma, yaushe rabonka da ka buɗe littafin rubutu na yaronka wanda yake ƙaramar sakandare? Ba takardar sakamakon jarrabawa nake nufi ba, littafin da yake rubuta insha'i a ciki. Ko ba ka iya karatu ba, idonka ya san jan biro. Buɗe ka duba ko malam ya taɓa bi ta kansa.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Bara kacalla ta toshe hanyar ruwan da take shiga fadamarmu, ƙungiyarmu ta shirya kai kuka ga hukuma. Sakatare ya yi tafiya. Sai muka kira ɗan wani ɗan'uwa, yaro mai hankali, ɗan aji uku. Ya rubuta adireshi da kwanan wata da gaisuwa tsaf, daga nan biro ya tsaya. Muka faɗa masa damuwarmu sau uku, ya kasa jera ta a takarda. Da na duba littafinsa na ga shafi biyu cike da labarin ranar da ba zai manta da ita ba. Na duba na abokinsa, sai ga labarin nan dai, kalma da kalma. Ashe daga allo suka kwafa. Ban ga laifin yaron ba, gama abin da aka nema a wurinsa ke nan, ya kuwa yi.

Tun 1982 da aka fara bin tsarin 6-3-3-4, manufar shekara ukun nan na ƙaramar sakandare ita ce, ko yaro ya tsaya a nan, ya fita da abin yi a hannunsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Mun sani sarai da yawa cikin 'ya'yanmu, musamman mata, daga aji uku suke komawa gida. Watau abin da ba su koya ba kafin nan, da wuya su koye shi. Saboda haka a ganina ba mu yi azarɓaɓi ba idan muka ce, wanda ya gama aji uku ya iya abu uku: ya rubuta wasiƙar da babban mutum zai karanta ya gane abin da ake nema, ya rubuta abin da aka yanke a taro, ya kuma ba da rahoton abin da ya gani da idonsa.

Abin rubutu kuwa ba sai an je nesa ba. Kogin Haɗeja kaɗai ya ishi aji shekara uku. A aiki yaro wurin kakansa ya tambaya yadda ruwa yake zuwa kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da yadda ya canza bayan ta Challawa a 1992. Wane wata ruwa yake shiga fadama a da, wane irin shinkafa ake shukawa, wane kifi ne aka daina gani, yaushe kacalla ta fara cin gonaki. Ya rubuta abin da tsoho ya faɗa, ya karanta masa, tsoho ya ce, "A'a, ba haka na ce ba," ya koma ya gyara. Wannan komawar ita ce karatun. Ba kuma wanda zai kwafi na wani, domin kowa da kakansa. Tsofaffin nan ma tafiya suke yi ɗaya ɗaya, abin da suka sani yana binsu.

Ku tuna ambaliyar 2022, sa'ad da ruwa ya ci gonaki daga Ringim har Auyo, Haɗeja, Kirikasamma da Guri. Bayan ruwa ya janye, masu kawo taimako suka zo da tambayoyi: mutum nawa, eka nawa, me aka shuka, buhu nawa ake sa rai. A wurinmu da ka muka amsa, wannan ya ce kaza, wancan ya ƙaryata shi. Da akwai yara biyar da aka koya wa rubuta rahoto, ran da jinga ta fashe, inda ruwa ya kai a jikin bango, sunan mai gona da abin da ya rasa, da ba mu sha wannan kunyar ba. Rahoto ba ya son ado. Yana son kwanan wata, da adadi, da gaskiya.

Batun harshe fa? Ni dai na ce a fara da Hausa. Yaron da ya kasa tsara magana cikin harshen da yake ciniki da shi a kasuwar Gujungu, Turanci ba zai tsara masa ba. Ya rubuta wasiƙar da Hausa tukuna, ta yi ma'ana, sa'an nan malamin Turanci ya taimake shi ya sake rubuta ta. Malaman biyu a makaranta ɗaya suke, me zai hana su haɗa kai?

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Aji ya cika maƙil, mutum ɗaya ba zai iya duba littafi tamanin kowane mako ba, ga jarrabawar aji uku tana jira. Amma jarrabawar nan kanta wasiƙa take tambaya, da labari, da siffanta abu. Wanda ya saba rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma game da rijiyar burtsatse da ta lalace, ba wasiƙar jarrabawa ce za ta ba shi tsoro ba. Game da yawan littattafai, ba lalle malam ya duba duka a mako ɗaya ba. Ya raba ajin kashi huɗu, kowane mako ya ɗauki kashi ɗaya ya duba da kyau, sauran su karanta wa juna. Rubutu ɗaya a wata wanda aka gyara, yaro ya sake shi, ya fi goma da aka buga wa "na gani" kawai.

Mu ma da namu nauyin. Yaron da ya wuni yana korar tsuntsu a gonar shinkafa, ya dawo ba fitila, ba za a ga rubutunsa da safe ba. Littafin da ake yaga ana ƙunshe ƙosai ba zai kai ƙarshen zango ba. Na roƙi ƙungiyarmu abu biyu, ina roƙon taku ma. A fitar da kuɗi kaɗan daga asusu bayan girbi, a saya wa kowane ɗan ƙaramar sakandare littafi guda na insha'i kaɗai. Kuma a kowane taron wata, a zaunar da yaro ɗaya da yarinya ɗaya kusa da sakatare, su ma su rubuta abin da aka tattauna, a karanta nasu kafin a tashi. A wurinmu mun fara watan jiya. Yarinyar ta manta da sunan wanda ya kawo shawarar sayen injin ban ruwa, amma kuɗin da ma'aji ya ambata ta rubuta shi daidai, har da naira ɗari biyar ɗin da sakatare ya tsallake.