Mataccen batirin sola ba abin wasan yara ba ne

A 2005 masana a Jami'ar Rhode Island ta Amurka suka wallafa binciken ɓerayen da dalma ta shiga jikinsu tun suna jarirai. Sai da suka kai wata 20, wato tsufan ɓera, sannan ƙwaƙwalwarsu ta tara sinadarin amiloyid, wanda ake dangantawa da cutar mantuwa. Waɗanda aka bai wa dalmar bayan sun tsufa ba su nuna haka ba.

Ɓera ba mutum ba ne, amma Zamfara ta san dalma: a 2010 ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum. Ita ce kuma a cikin batirin sola na shagunan caji. Mai shago a Bakura ya mayar wa dila mataccen batiri, kada a fasa shi inda yara ke rarrafe.