Ga Abinci, Ina Mai Bayarwa?

A gidajen kula da tsofaffi na Amurka, sau da yawa yunwa ba daga rashin abinci take zuwa ba. Akan ajiye kwano gaban tsoho, a dawo a ɗauke shi kusan yadda aka kawo. Wanda hannunsa ke rawa, ko haɗiya ke yi masa wuya, sai an zauna an ba shi loma-loma. Ga shi kuma tsufa kan rage jin ƙishirwa, har jiki ya bushe mutum bai nemi ruwa ba. In aka bar wa ma'aikaciya guda tsofaffi goma, wa za ta fara ciyarwa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokar 1987 ta ce a samar da isassun ma'aikata, ba ta ce nawa ga kowane tsoho ba. Rahoton gwamnati na 2001 ya nuna ana bukatar kulawar awa 4.1 kowace rana. A 2024 aka ƙayyade awa 3.48, a 2025 wata kotu a jihar Texas ta soke.

A ganinmu, dokar da ta ƙi ƙidaya hannuwa ta bar masu gidajen su ƙidaya riba. Mu da za mu riƙe alƙalamin hukuma gobe, sai mu yi hattara.