Tsohon Jirgi, Sabon Allo

A wannan wata za mu ɗaga kai mu dubi sama. Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Malanville da jirgin sama, alhali kwalekwale da tirela muka sani? To, kowace shekara iyayenmu suna tashi zuwa Makka daga Kwatano ko Yamai, kuma bayan ikon Allah, ransu yana rataye ne da abin da matuƙi yake gani a gabansa.

Tsohon jirgi yana da manyan agogai shida masu allura. Uku suna aiki da iskar da ke shiga ta wasu ƙananan kafofi a jikin jirgin, su nuna gudu, da nisa daga ƙasa, da saurin hawa ko sauka. Sauran ukun sun dogara ga wani ƙarfe mai juyi kamar katantanwa, su nuna karkata da kwana da alƙibla. Idan famfon da ke juya ƙarfen ya mutu, allura ba ta tsayawa nan take. A hankali take kaucewa, ta yi ta yi wa matuƙi ƙarya, shi kuwa yana cikin hazo ba ya ganin ƙasa.

Sai dai gangar jirgi, in ana kula da ita, tana daɗewa fiye da agoganta. Shi ya sa maimakon a yar da jirgi, sai a cire allurai a kafa allon gilashi irin na talbijin, wanda kwamfuta ke tara masa bayani wuri guda, har da taswirar hanya daga tauraron ɗan'adam. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Misali yana nan Kano. Makarantar koyon tuƙi ta sojojin saman Najeriya tana horo da jiragen L-39 da aka sayo daga Cekoslobakiya a shekarun 1980. A 2022 aka kwashi uku aka mai da su masana'antar Aero Vodochody da ta ƙera su, domin a yi musu garambawul, a sauya agogansu da allon gilashi. Aikin ya wuce kwance ƙusa da ɗaurawa. Sai an sake wayoyi, an sake auna nauyin jirgin, hukuma ta duba ta sa hannu, an bar agogon ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta, sannan matuƙi da bakanike su koma aji.

Akwai kuma dalili na biyu. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ce ke kula da zirga-zirgar sararin samaniyar Benin da Nijar. Tun 2020 ta fara bin sawun jirage ta tauraron ɗan'adam da tsarin da ake kira ADS-B, inda jirgi da kansa yake shelar wurin da yake, ko da a tsakiyar hamada ne. Jirgin da ba shi da wannan na'ura ba zai bayyana ta wannan hanya ba.

Amma kada mu ruɗe da ƙyalƙyali. A 2010 hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gwada ƙananan jirage masu allon gilashi da masu allura. Ta gano cewa masu gilashin sun fi ƙarancin haɗari, amma haɗarin da ke cin rai ya fi yawa a cikinsu, ta kuma ba da shawarar a ƙara horo. Mu a nan ba mu manta da ranar 25 ga Disamba 2003 ba, da jirgin Boeing 727 mai zuwa Bairut ya kasa tashi sosai a Kwatano, ya bugi gini ya faɗa bakin teku, mutum fiye da 130 suka rasu. Bincike ya nuna lodi ne ya wuce ƙa'ida, kuma ba a ba matuƙa ainihin nauyin ba. Allo komai kyansa ba ya gyara lissafin da aka ɓata tun daga ƙasa.

Nan ne maganar ta dawo gida. Mota nawa ce a tasharmu take tafiya Kandi ko Faraku da mataccen agogon gudu, ga buhunan albasa har sama? Mu fasinjoji mun yi shiru, sai abu ya faru mu ce tsautsayi.

Sannan mu malamai muna da kira ga iyaye. Makarantar EAMAC tana Yamai, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu gyaran na'urorinsu. Kwalejin Zariya kuwa, wadda aka kafa a 1964, tana yaye matuƙa da injiniyoyi. Ƙofar shiga duka biyun ita ce lissafi da kimiyya. Yaron da aka cire daga aji ran kasuwa don ya yi dako, an rufe masa wannan ƙofa tun bai san da ita ba. Mu bar su su yi karatu, maza da mata.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.