Jama'ar Yola da Jimeta, mu auna gine-ginenmu kafin su kwanta

Duk damina akwai katangar ƙasa da ke zubewa a tsohon gari, akwai zauren da ake rushewa a ɗora bulo da kwano a gurbinsa, kuma babu mai auna shi ko ɗaukar hotonsa kafin a kawo diga. Mai gida yana da gaskiyarsa, ya gaji da yaɓe. Amma idan zauren ya tafi, ilimin da ya tayar da shi ma ya tafi.

Garin nan ba jiya aka kafa shi ba. Modibbo Adama ya sauka Yola a 1841, bayan zaman Gurin da Ribaɗu. Bature Heinrich Barth ya iso a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, ya rubuta abin da idonsa ya gani. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka buɗe wa fada da masallaci wuta, Lamiɗo Zubairu ya fice. To ina yaron da zai iya nuna maka yadda garin yake a wancan lokaci? Muna da gidan tarihi na ƙasa a Yola, muna da na Fombina a fadar Lamiɗo. Ana ajiye takobi da sirdi da takardu, madalla. Gini kuwa ba ya shiga akwatin gilashi. Hoto guda a bango ba ya gaya wa mutum tsayin rufin ɗaurin guga, ko sanyin da ke cikin soro da tsakar rana a watan Afrilu.

Yanzu akwai dabarar da ke iya wannan. Ana kafa na'urar awo mai hasken leza a tsakiyar ɗaki, ta harba haske ko'ina, ta auna miliyoyin ɗigo a jikin bango da rufi. Ko kuma a ɗauki ɗaruruwan hotuna da waya da jirgi maras matuƙi, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar ginin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Daga nan mutum ya sa wani tabarau na musamman, sai ya tsinci kansa a cikin ginin: ya waiga, ya ɗaga kai, ya bi ƙofa. Wanda ba shi da tabarau ya zagaya ta fuskar wayarsa. Lokacin da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame a Faris a 2019, awon da wani malami, Andrew Tallon, ya yi tun da farko yana cikin abin da masu gyara suka samu a hannu. A Afirka ma, ayarin Zamani na jami'ar Kef Tawun ya auna masallatan ƙasa na Jenne da Tumbutu. Ginin ƙasa ne irin namu. Me ya hana mu?

Ku dubi Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali. A 1999 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a duk Nijeriya. Fadar Hidi, sarkin Sukur, tana bisa dutse, an gina ta da duwatsun da aka jera ba siminti, ga hanyoyi da aka shimfiɗe da dutse tun daga gindin tsauni, ga gonaki hawa-hawa, ga wuraren narka tama. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka hau can suka ƙone gidaje. Mutum nawa ne a Jimeta suka taɓa hawa Sukur? Tsohuwa ba za ta iya ba, gurgu ba zai iya ba, makarantar firamare ba ta da kuɗin mota. Amma duk za su iya zuwa gidan tarihi a sa masu tabarau su taka wannan hanyar dutse. Wanda ya gani a nan, shi zai yi marmarin zuwa can da ƙafarsa.

Gurin kuma ta fi ba ni tausayi. Tsohon masallacinta da kara aka yi shi, jama'a ke haɗuwa su sabunta shi da hannunsu, iyaye suna koya wa 'ya'ya ɗauri. Yau ginin siminti ne a wurin. Ba na zargin kowa, masallata suna son inuwar da ba ta yoyo. Amma akwai dattawan da suka ɗaura karan nan, kuma suna raye. A zauna da su, su faɗi tsawo da faɗi, su nuna yadda ake kafa ginshiƙi, a haɗa da tsoffin hotuna, a sake tayar da masallacin a kwamfuta. A Jos an taɓa gina kwafin masallacin Juma'a na Zariya, aikin magini Babban Gwani, da ƙasa da azara a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, kuma shi kansa kwafin yana neman yaɓe duk shekara. Na kwamfuta ruwa ba ya cinsa.

Sai dai in ja kunne. Kada a ba wani kwangila ya sayo tabarau goma, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, wata uku a kulle ɗakin saboda ba wuta. Tabarau shi ne na ƙarshe. Na farko awo, na biyu muryar masu ilimin. Ginin da aka nuna ba bayani gawa ce. Mutum ya shiga zaure ya ji muryar magini yana faɗin inda ake haƙo ƙasa mai kyau da kwana nawa ake bari ta ruɓa da ciyawa, da Fulatanci da Hausa da harshen Sukur da Bacama, Turanci ya biyo baya. Inda aka yi hasashe a nuna da launi dabam, kada a sayar wa yara ƙarya mai kyan gani. Kuma ba a shiga cikin gidan mutane ko wurin da al'umma ke tsarkakewa sai da yardarsu. Duk baƙon da ya zo awo, ana maraba da shi, amma ya bar cikakken kwafi a Yola kafin ya hau jirgi.

Malaman tsara gine-gine da safiyo na Jami'ar Modibbo Adama, ku ba kowane ɗalibin ajin ƙarshe gini ɗaya ya auna. Masu kwamfuta na jami'ar AUN da kwalejin fasaha ta jiha, ku haɗa masa siffa. Allah ya ja zamanin Lamiɗo, umarni ɗaya daga fada zuwa ga hakimai da masu unguwanni ya isa a daina rushe tsohon gini sai an auna. Attajiran kasuwar Jimeta, kuɗin sola da kwamfuta biyu ga gidan tarihi bai kai abin da kuke kashewa a biki ɗaya ba. Kada kuma a manta tsoffin gine-ginen kamfanoni da na zamanin Turawa a bakin Binuwai, su ma tarihinmu ne, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana abin da kogin yake iyawa.

Kai kuma matashi mai waya a aljihu, ba sai ka jira kowa ba. Nemi izinin mai gida, zagaya zauren kakanka kana ɗauka taku bayan taku, ciki da waje, kowane hoto ya ɗan hau kan na baya. Zaunar da tsoho ka naɗi muryarsa: wa ya gina, yaushe, da me. Rubuta sunan unguwa da kwanan wata, ka kai kwafi gidan tarihi tun kafin ruwan farko ya sauka.