Raddi Ga Mai Mayar Da Yaƙin Kwararrafa Jihadi

Akwai wata lacca da ke yawo a wayoyin mutane a nan Tafoki da kewaye, daga Faskari har Ƙanƙara da Sabuwa, wadda wani malami ya gabatar a wajen walimar saukar karatu. Malamin mai ilimi ne, ba na ja da shi a fiƙihu ko nahawu, kuma ba zan ambaci sunansa ba domin da maganar nake, ba da mutumin ba. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, yaƙe-yaƙen da aka gwabza tsakanin Kwararrafa da ƙasar Hausa jihadi ne tun daga farko har ƙarshe: Musulmi a sahu ɗaya, arna a sahu ɗaya. Ya ƙara da cewa irin wannan aka yi a ƙasar Indiya, inda a cewarsa sarakunan Musulmi biyar suka haɗa kai don Allah suka rushe daular Hindu ta Bijayanagara a 1565. Yanzu ɗalibai sun haddace wannan suna maimaitawa kamar karatun allo, shi ya sa na ga shiru bai kamata ba.

Bari in fara ba Malam haƙƙinsa. Addini yana cikin labarin, babu mai musun haka. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fitar da fassararsa a 1908 kuma lissafin shekarunsa zan bi a nan, ya nuna Sarki Yaji (1349–1385) ya ci Santolo ne da taimakon addu'ar Wangarawa da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Katsinawa kuma har gobe suna ba da labarin yadda doki ya harbi jagoran mayaƙan Kwararrafa ya mutu, rundunarsa ta watse, suna danganta wannan da addu'ar Wali Ɗan Masani. Duk na yarda. Inda muka rabu shi ne cewa addini ne ya raba sahun mayaƙa.

Malam ya ce Hausawa sun tsaya tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Sai na ce, a buɗe littafin a ƙirga. Wa Kano ta fi yaƙa, Kwararrafa ko Katsina? A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), sarkin da Shehu Magili ya sauka a birninsa har ya rubuta masa nasihar mulki, Kano da Katsina sun shekara goma sha ɗaya ana kare jini biri jini. Katsinar nan kuwa ita ce mai Gobarau, wadda Imam Suyuɗi ya aiko wa sarkinta Ibrahim Sura da wasiƙa daga Masar. Daga nan wuta ba ta mutu ba. A zamanin Abubakar Kado, wanda ya hau gado a 1565, wato shekarar da Malam yake yabon haɗin kan sarakunan Indiya, Katsinawa sun zo har bakin ganuwar Kano sun yi sansani a Salanta. Muhammadu Zaki (1582–1618) ya ga Kwararrafa sun cinye ƙasarsa har mutanen birni suka gudu Daura. Da ƙura ta lafa, ina ya nufa da rundunarsa? Katsinawa ya auka wa, ya kwashe musu dawaki 400 da lifidi 60. Kutumbi, jarumin da Kanawa ke ji da shi, ya yi wa Katsina ƙawanya wata tara, kuma a yaƙin Katsina ya gamu da ajalinsa a 1648. Sai a zamanin Shekarau (1649–1651) malamai, ciki har da Liman Yandoya, suka shiga tsakani aka yi sulhu. Kusan shekara 150 ke nan masu alƙibla ɗaya suna zubar da jinin juna, ga Kwararrafa a kudu tana kallo.

Na san abin da Malam zai ce: ai sulhun nan shi ne haɗin kan da nake nufi. To, bayan sulhun da shekara biyu ko uku, wajen 1653, Sarkin Kwararrafa Adashu ya taso wa Kano, Sarki Kukuna ya fice daga birni ya nufi Auyo, aka fasa Ƙofar Kawaye. Kowane birni da kansa ya ji.

Abin da Kukuna ya yi bayan ya dawo ya isa a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ya warware zaren laccar. Ya gyara ƙofar da aka fasa. Sannan ya aika aka tara masa Maguzawa a cikin birni, suka yi kwana 21 suna wasanninsu na gargajiya a gabansa, ya yi musu kyauta mai yawa, ya ce baɗi su dawo gaba ɗayansu da hauyoyinsu a kafaɗa, yana fatan da haka babu sarkin da zai sake korarsa. Da ya sallame su sai ya kira Liman Yandoya, shi ma ya cika shi da alheri, ya roƙi a yi masa laya don biyan buƙatar nan guda. A dubi wannan sarki da kyau. Da a ransa yaƙin Musulunci da arnanci yake yi, yaya zai nemi tsari daga arna a hannun wasu waɗanda su ma ba sa salla? Mutum ne mai tsoron rasa gadon sarauta, duk ƙofar da ya ga alamar taimako sai ya ƙwanƙwasa.

Ba kuma shi ya fara ba. Kanajeji (1390–1410), ɗan Yajin da ya ci Santolo, da Zazzau ta kore shi a fagen fama sai ya tafi wurin Sarkin Tsibiri, aka ce masa ya farfaɗo da abin da kakanninsa ke yi. Ya sare reshen bishiyar tsafi, ya kashe jan macijin da ya tarar a wurin, aka ɗinka masa huffi da fatar, aka sassaƙa dundufa da kuntukuru da reshen, sannan ya koma ya ci Zazzau. Kanajejin nan kuwa shi ne ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki suna aiko masa da bayi. Doki a wancan zamani shi ne babban makami. Tun Malam yana ƙarami ya karanta hukuncin sayar wa abokin gāba makami a lokacin jihadi, ba sai na tuna masa ba. Ko dai Sarkin Kano ya yi babban saɓo a fili malamansa suna kallo, ko kuwa shi da su ba su ɗauki Kwararrafa a matsayin da Malam ya ɗora ta ba. Sai kuma Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu tun zamanin Muhammadu Zaki, har sai da Sarki Alwali (1781–1807) ya sa aka farfasa shi da gatura. Fadar da ke wannan aikin ita Malam ke kira rundunar tauhidi.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce harin wajen 1671, zamanin Sarki Dadi, lokacin da Kwararrafa suka shiga ta Ƙofar Gadon Ƙaya suka karkashe jama'a har da malamai masu yawa. Ya ce wannan ya nuna sun zo kashe addini ne. Abin ya faru, kuma mummuna ne. Amma wanda ya zo canja wa mutane addini zama yake yi: ya naɗa sarkinsa, ya kafa wurin bautarsa, ya tilasta wa jama'a. Kwararrafa sun shiga Kano ba sau ɗaya ba, kowane karo kuma sai su kwashi ganima da bayi su juya kudu, sarki ya dawo gidansa, liman ya koma masallacinsa. Rundunar da ta fasa birni ba ta tantance mai rawani da mai taƙiya. Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar littafi ya koya mana wannan. Waɗanda suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da masu hana mu zuwa gona, da yawansu sunayenmu gare su, wanda ya kuɓuto daga hannunsu kuma zai gaya maka ya ga wasunsu suna alwala. Kashe malami ba ya gaya maka addinin wanda ya kashe shi, balle dalilinsa.

Sannan su wa ake kira Kwararrafa? Malam ya yi maganarsu kamar ƙabila guda mai tsafi guda. Tarayya ce ta al'ummu da dama a kwarin Binuwai da Gongola, Jukunawa na Wukari da Kona da Pindiga suna cikin manyanta, arzikinta kuma gishiri ne da bayi da hanyoyin fatauci. A cikinta akwai Abakwariga, masu asali daga ƙasar Hausa, waɗanda har yau suna nan Wukari. Ko tatsuniyar Bayajida da ta jefa Kwararrafa cikin Banza Bakwai, tare ta jera ta da Kabi da Zamfara, ka ga ba da salla aka yi wannan rabon ba.

Game da Barno, Malam ya ce Mai Ali ɗan Alhaji Umar ya murƙushe Kwararrafa don ceton 'yan'uwansa Musulmi, ya kafa hujja da waƙar da Wali Ɗan Marina na Katsina ya yi masa. Waƙar tana nan, kuma harshen addini ta yi amfani da shi. Sai dai waƙar yabo shaida ce a kan abin da mawaƙi ya ji a ransa da abin da sarki ke son a faɗa. Abin da ya faru a ƙasa shi ne, an tsare Birnin Gazargamu ta fuska biyu a lokaci guda, Kwararrafa daga kudu, Abzinawa daga arewa, su kuwa Abzinawa Musulmi ne. Mai Ali kansa yake ceto. Bayan haka da kimanin shekara sittin, a zamanin Kumbari (1731–1743), rundunar Barno ce da kanta ta sauka a Fage da niyyar yaƙar Kano, sai da malamai suka shiga tsakani.

Yanzu sai Indiya, inda nake ganin Malam ya ɗauko labari daga bakin wanda bai kamata ya amince wa ba. Wanda ya fi yaɗa hoton Bijayanagara a matsayin katangar Hindu da Musulmi suka rusa shi ne Robert Sewell, jami'in mulkin mallakar Ingila, a littafinsa na 1900, kuma masu ƙyamar Musulmi a Indiya ta yau da wannan hoton suke kafa hujja. Malam ya karɓi hoton yadda yake, ya sauya wanda ake tafa wa kawai.

Da farko, sarakunan da suka haɗu suka yaƙi Bijayanagara a Talikota a watan Janairu na 1565 huɗu ne: Bijafur, Ahmadnagar, Golkonda da Bidar. Berar ba ta je ba. Wannan ƙaramin gyara ne. Babban shi ne tarihin da ya gabata. An kafa Bijayanagara a 1336, daular Bahmani ta Musulmi a 1347, kuma abin da suka fi yin rigima a kai shi ne ƙasar Raicur mai albarka da ke tsakanin kogin Kirishna da na Tungabadara, da tashoshin ruwan da ake shigo da dawakin Larabawa da na Farisa. Doki dai, kamar a Kano. Sarkin Bijayanagara Deba Raya na Biyu ya ɗauki Musulmi mahaya da maharba aikin soja, ya gina musu masallaci a babban birninsa, malamin tarihi Firishta kuma ya ruwaito cewa yakan sa a ajiye Alƙur'ani a gaban karagarsa domin sojojinsa Musulmi su yi gaisuwar fada ba tare da sun rusuna wa wanda ba Musulmi ba. Sarakunan daular har laƙabin sultan suka ara suna kiran kansu da shi.

Shi kuwa Rama Raya, mai riƙe da mulkin Bijayanagara wanda aka fille wa kai a Talikota, a Golkonda ya fara aiki ƙarƙashin sarki Musulmi. Ibrahim Ƙutub Shah, ɗaya daga cikin huɗun da suka yaƙe shi, ya yi shekara bakwai yana gudun hijira a Bijayanagara lokacin da ɗan'uwansa ke neman ransa, daga can ya dawo ya hau gadon Golkonda. Ali Adil Shah na Bijafur ya taka da ƙafarsa har fadar Rama Raya, aka karɓe shi a matsayin ɗa, sannan suka haɗa runduna suka auka wa Ahmadnagar ta Husaini Nizam Shah, Musulmi ɗan'uwansa. Shekara da shekaru Rama Raya yana haɗa wannan da wancan faɗa yana cin riba, har ya yi ƙarfin da ya tsorata su duka, girman kansa kuma ya ishe su. Abin da ya tara su ke nan. A ranar yaƙin akwai Musulmi da yawa a rundunar Rama Raya, akwai Maratawa mabiya Hindu a rundunar sarakunan.

Malam ya tsaya da labarinsa a ranar nasara, da ya ɗan matsa gaba da ya ga sauran. Ba a jima ba ƙawancen ya watse, suka koma wa juna. Ahmadnagar ta haɗiye Berar a 1574, Bijafur ta haɗiye Bidar a 1619. Waɗanda suka rage kuwa ba Hindu ne suka gama da su ba: Aurangzeb, sarkin Mugal mai yawan ibada da rubuta Alƙur'ani da hannunsa, shi ya ci Bijafur a 1686, ya ci Golkonda a 1687 bayan ƙawanyar wata takwas.