Sharhi a Kan Baƙuwar Tsutsar Tumatir



Duk wanda ya zauna a zauren wani malami a Kusfa, cikin birnin Zazzau, a bazarar 2016, ya ga yaron da aka aika cefane ya komo da tumatir uku a tafin hannu, alhali a da kuɗin nan sukan cika kwano, ba ya bukatar dogon bayani a kan annobar da manoma suka laƙaba wa suna sharon, masana kuwa suke kiranta Tuta absoluta. A watan Mayun wannan shekara gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin niƙa, matan gida suka koma ga kauɗa da kuka.

Asalin wannan halitta Kudancin Amurka ne. Ta sauka Sifen, wadda littattafanmu suka sani da Andalus, a 2006, daga nan ta yi ta bin kayan fatauci har ta iso fadamunmu. Uwar tana tashi da dare, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, amma tana iya zuba ƙwai sama da 200. Tsutsar kuwa da ta ƙyanƙyashe sai ta kutsa tsakanin fata biyu na ganye ta yi ta ci daga ciki, ta yadda in ka ɗaga ganyen ka duba shi a rana za ka ga ya yi fari kamar takarda, da ɗigon kashinta baƙi-baƙi a ciki.

Abin da ya kamata mai hankali ya yi tadabburi a kansa shi ne, Ubangiji bai ajiye wata halitta ba face da mizani, ita kuwa wannan ta zo mana ne ta baro abokan gabarta a mahaifarta. Mu kuma, da tsoro ya kama mu, sai muka dinga feshi safe da yamma, muna kashe 'yan ƙwarin gida waɗanda da sun taimake mu cin ƙwanta, ita tana lulluɓe cikin ganye har jikinta ya saba da guba, ragowar dafin kuma yana gangarawa kogunan Galma da Kubanni. Wannan hasara ce a kan hasara, kuma tana ci mini rai.

Alhali ga Samaru a kusa, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, dabarun kuma sanannu ne: tarko mai ƙamshin macen a bisa kwanon ruwan sabulu, wanda maza ke faɗawa, binne ko ƙone karan tumatir da zarar an gama tsinka, da hutar da lambu da albasa, ba da gauta ko dankalin Turawa ba, domin dangin tumatir ne, tana rayuwa a kansu. Sai dai aikin ba farilla kifaya ba ne, da wasu za su yi ya sauka daga wuyan saura, domin lambu ɗaya da aka bari da busasshen kara ya isa ya sake cika fadama. Saboda haka muna roƙon sarkin noma da masu unguwanni su tsayar da rana guda ta share lambuna bayan tsinka, malamanmu na Kusfa kuma su sanar da ita a masallatai kamar yadda suke sanar da ganin wata.